Zoben Rodin Bagindo

Mahaifina, Bagindo Bustamar, mai ɗaurin rodi ne. Ya shekara arba'in yana lanƙwasa wa magina ƙarfe a garinmu da ke bakin teku, tsakanin Padang da Pariaman, kuma ban taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba. Mutane suna yaba masa a kan haka. Ni kuwa har gobe abin haushi yake ba ni, don da ya taɓa yin tsawa ko sau ɗaya, wataƙila da uwata tana raye.

Mu 'ya'yansa Abak muke ce masa, uwarmu kuma Amak. Dangin Amak suna kiransa Bagindo, suna ba shi tabarma mai kyau, suna zuba masa kan kifi, amma ba sa shawara da shi. A wurinmu gida na mace ne, uwa ta bar wa 'yarta. Miji shi yake tarewa a gidan matarsa, mai faɗa a ji kuwa shi ne ɗan'uwan matar, wanda 'ya'yanta suke kira Mamak. Tsofaffi suna cewa miji toka ce a kan kututture, iska kaɗan ta ɗauke ta. Suna faɗa suna dariya, shi ma Abak yana taya su.

Aikinsa ba a ganinsa, kankare yake rufewa. Kowane ginshiƙi yana da rodin tsaye, sannan akwai zobba da ke kewaye su daga ƙasa har sama. Sauran masu sana'ar sukan lanƙwasa zoben, bakin ya haɗu da baki, su ɗaure da waya su tafi cin shinkafa. Shi Abak sai ya ƙara murɗa kowane baki ciki ya zama ƙugiya, yadda zai ciji kankare. Yana kuma da wani guntun katako, tsawonsa taƙi ɗaya, wanda zufa ta mayar baƙi ƙirin. Tsakanin zobe da zobe ba ya wuce tsawon katakon nan, ko uban wa ya ce. Saboda haka aikinsa yana cin ƙarfe, yana cin lokaci, 'yan kwangila da yawa suka daina nemansa. A shagon kofi Bagindo Ƙugiya suke kiransa.

Idan an tsokane shi a can, sai ya zari tsinken gora ya riƙe bakinsa ɗaya a kan tebur.

"Kun ga, a ƙarƙashin tekun nan ƙasar can tana kutsawa ƙarƙashin tamu. A hankali take tafiya, kamar tsiron farce. Tamu ta maƙale, tana tanƙwaruwa, tana tanƙwaruwa, shekara ɗari, shekara ɗari biyu." Sai ya tanƙwara tsinken, ya sake shi ya daki tebur. "Shi ke nan. Ba fushi take yi da kowa ba, gyara zama take. In ta motsa sai ta kaɗa ginshiƙi gefe da gefe, rodin tsaye su nemi watsewa kamar tsintsiyar da aka kwance. Zobe ne igiyar."

"To Bagindo, yaushe za ta gyara zaman, mu gudu?"

"In ta faɗa mini zan aiko maka."

Sai a yi dariya a ci gaba da shan kofi. Ƙasarmu ba ta shekara ba ta ɗan yi rawa ba, kwanuka su yi ƙara, kare ya yi haushi, ta tsaya. Sabo ya sa mun raina ta.

Mu huɗu ne, duk mata. Ni ce babba, sunana Yusnidar, autarmu Elfi. Gidan Amak ɗakuna uku ne da rufin kwano, kuma kowace 'ya da ta yi aure sai an ba ta ɗakinta a gidan uwarta, a nan mijinta zai same ta. Da aka sa ranar Elfi, ɗaki ya ƙare. Sai ga Mamak Jamaris, yayan Amak, ya sauka daga Jakarta inda yake sayar da yadi, da agogonsa mai ruwan zinariya da tumbinsa. Ya ce ba za a ce 'yar ƙanwarsa ta rasa ɗaki yana raye ba. Za a cire kwano, a zuba kankare, a ɗora bene, shi zai ɗauki nauyin komai.

Ni kuma ina da nawa burin. Na gaji da tallan kayan miya a kan tebur. Na roƙi Mamak a fasa bangon gaba, a cire ginshiƙin tsakiya, a sa babbar ƙofar ƙarfe, in sami kanti mai kallon titi. Ya ce an gama. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka hannuna wankakke ne.

Ranar da aka zauna a kan tabarma, Mamak yana zane da yatsa a iska, Abak yana can gefe kusa da ƙofa, inda miji yake zama. Ya yi gyaran murya har sau biyu kafin a kula shi.

"A yi mini afuwa, Ajo," ya ce, don haka yake kiran Mamak, kamar yayansa. "Ginshiƙan gidan nan kwano aka yi su su ɗauka. Ni na ɗaura su, na san abin da ke ciki. Ba za su ɗauki bene ba. In kuma aka cire na tsakiya da bangon gaba, an ɗora wa mutum buhu ne sannan an sare masa ƙafa ɗaya."

Mamak ya yi murmushi irin na masu kanti.

"Bagindo, a Jakarta hawa talatin ake yi, ba wanda ya tambayi katakonka."

"A yi benen a baya, a haƙa masa tushensa daban. Zan ɗaura ƙarfen da hannuna."

"A baya? A ɓoye shi a cikin ayaba? In mutum ya yi abin arziki ai daga titi ake ganinsa. Kai dai sha kofinka, yana hucewa."

Aka yi dariya. Abak ya dubi Amak, Amak ta dubi tabarma. Daga baya na ji su a kicin tana ce masa: "To ya kake so in yi? Ɗan'uwana ne. In na ƙi kyautarsa, da wane ido zan kalli dangi?" Shi kuwa ya ce: "Rosna, ba kyautarsa na ƙi ba, nauyinta na ƙi." Iyakar faɗansu ke nan.

Mamak ya ba wani abokinsa kwangilar, ya koma Jakarta. Mutumin ya zo da nasa masu ɗaurin rodi. Wata safiya kafin a zuba kankare, Abak ya hau tsani da katakonsa. Ya auna tsakanin zobe da zobe, katako uku har da rara. Ya taɓa bakin zoben, babu ƙugiya ko ɗaya, ƙarfen kuma siriri kamar na ratayen riga. Ɗan kwangilar ya hango shi daga ƙasa.

"A'a, yau babban injiniya ne da kansa? Sauko, Bagindo, kada ka faɗo a ce mu muka tura ka."

Abak ya sauko, ya zo ya same ni ina auna faɗin ƙofar kantina.

"Yus, ke ce babba. Mamak ɗinki yana jin maganarki. Buga masa waya a tsayar da aikin nan kwana uku kawai, in sake ɗaurin."

Na san in aka tsaya Mamak zai yi fushi, in ya yi fushi kantina ya sha ruwa. Sai na shafa wa idona toka na ce: "Abak, don Allah ka bari. Gidan Amak ne."

Ya dube ni. Ya sa katakonsa a aljihu ya fita. Da azahar aka zuba kankare. Na yi shekaru ina neman wata magana da zan ce na faɗa a madadin waccan, ban samu ba.

Abu ɗaya ɗan kwangilar ya ƙi taɓawa, banɗaki. Ya ce ba ya cikin yarjejeniya, kuma aikin ƙazanta ne. Mamak ya ce ta waya: "Ku bar wa Bagindo, tunda hannunsa yana ƙaiƙayi." Abak ya karɓa kamar an ba shi sarauta. A bayan gida ya haƙa rami har ƙirjinsa, ya tsayar da ginshiƙai huɗu masu kauri, zobbansu a jere a matse, kowanne da ƙugiyarsa. Banɗaki ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. Bai haɗa shi da gidan ba, ya bar tazarar yatsa uku tsakaninsu ya rufe da katako. Da aka tambaye shi dalili, ya ce: "Kada in gidan zai tafi ya ja shi." Wata biyu ya yi a kan wannan ɗan ginin. Duk unguwa ta sa masa suna Hasumiyar Bagindo, mazan ƙannena in za su kewaya sai su ce bari su je ziyarar fada.

Bayan biki ya kira Elfi, ya nuna mata ƙofar banɗakin sama.

"In ƙasa ta motsa kina bene, kada ki nufi matakala. Nan za ki shiga."

"Haba Abak, in mutu a masai? Me za a ce a gari?"

"A ce kin rayu."

Amak kuma kullum Abak yana ce mata kada ta zauna can ƙuryar kanti, ta riƙa zama a bakin ƙofa. Ita kuwa rana tana damunta a bakin ƙofa, sai ta ce: "Kai da tsoronka."

Shekara biyu gidan ya yi a tsaye, fentinsa kore, ana ganinsa tun daga gada. Mamak ya sa an ɗauki hotonsa ya rataye a kantinsa na Jakarta. Ni ma ciniki ya buɗe, har nakan tsokani Abak in ce ga shi bai faɗi ba. Yakan ce: "Alhamdulillahi."

Ranar wata Laraba bayan la'asar na bar wa Amak kanti, na hau babur na tafi kasuwa sayo man kwakwa. Ina tsakiyar fili sai na ji ƙara daga ƙarƙashin ƙafata, kamar babbar mota tana wucewa a cikin ƙasa. Sai ƙasar ta jefa ni. Na yi ƙoƙarin tashi ta sake kayar da ni. Bishiyoyin kwakwa suna kaɗawa har kawunansu suna neman haɗuwa. Ba ta fi minti ɗaya ba, in ji waɗanda suka ƙirga. Da ta tsaya sai ƙura ta tashi daga ko'ina, sannan aka fara kiran sunaye.

Hanyar gida ban gane ta ba. Jerin kantunan kasuwa masu hawa uku sun koma hawa biyu, na ƙasan ya shige kamar ba a taɓa yinsa ba, ƙofofin ƙarfe sun kumburo waje. Kubbar masallaci tana zaune a kan titi. Titin kansa ya tsage, ruwa yana ɓuɓɓugowa da yashi. Tsofaffin gidajen katako da muke jin kunyarsu sun karkace amma suna tsaye, kaji suna kiwo a ƙarƙashinsu. Mutane suna gudu zuwa tudu don tsoron kada teku ta biyo baya, ni ina kutsawa ta cikinsu, kuma can gabana na hango Abak, shi ma yana gudu zuwa inda kowa yake gujewa.

Benen Mamak yana zaune a ƙasa. Tagar ɗakin Elfi ta dawo daidai ƙuguna, labulenta bai ko yage ba. Kantina babu shi. A baya kuwa Hasumiyar Bagindo tana tsaye ƙiƙam, ƙofarta ta sama a buɗe ga iska, Elfi tana ciki rungume da jaririyarta, ta kasa ko kuka. Da tsani aka sauko da su. Ƙannena biyu da mazansu suna gona, Allah ya tsare su. Amak ce kawai ba mu gani ba, tana can ƙuryar da rana ba ta kaiwa.

Ba motar haƙa da ta zo unguwarmu, suna can birni. Abak ya ɗauko zarto da guduma. Kwana biyu yana yanka ƙarfe, ana ruwan sama, maƙwabta suna kwashe ɓaraguzai da hannu. Kankaren yana marmashewa kamar busasshiyar waina. Ranar farko muna jin tana ƙwanƙwasa wani abu, shi kuma yana ce mata: "Rosna, ga ni nan, saura kaɗan." Rana ta biyu ƙwanƙwasar ta tsaya, bai daina yi mata magana ba. Da ya kai gare ta, shi ya ɗauko ta da kansa. Na ga ya tsaya wajen karyayyen ginshiƙi, inda rodin tsaye suka baje, ya zare wani abu ya sa a cikin rigarsa.

Mamak ya iso ranar addu'ar bakwai. An kafa rumfar leda a kan titi, an shimfiɗa tabarmi, mata sun dafa shinkafa da rendang, naman da muke dafawa da madarar kwakwa, a murhun duwatsu. Ya yi kuka, kuma na yarda kukan gaskiya ne, ƙanwarsa ce. Amma da aka ajiye faranti sai ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce wannan hukuncin Allah ne, ba mai tare ƙaddara, ko da ƙarfe zalla aka gina gida in kwana ya ƙare ya ƙare. Ya ce mu binciki zunubanmu. Ya ce zai sake gina gidan, wanda ya fi na da. Dattawa suna gyaɗa kai. Ni kuwa wane baki gare ni?

Abak ya tashi daga gefe. Ya ratsa tsakiyar tabarma, abin da miji ba ya yi a taron dangin matarsa, ya durƙusa gaban Mamak. Ya fito da zoben rodi daga rigarsa, wanda ya buɗe baki ya miƙe, ya ajiye shi a farantin Mamak, a kan shinkafar.

"Ajo, ƙasa ta motsa, wannan na Allah ne, ban da ta cewa. Amma wannan bakin ba Allah ne ya bar shi a buɗe ba. Murɗa biyu ya rage. Ƙasar da ta kaɗa ɗakin Rosna ita ta kaɗa masai."

A hankali ya faɗa, kamar mai tambayar farashin kifi. Wani dattijo ya ce: "Bagindo, a yi haƙuri, ba ranar wannan ba ce." Abak ya ce: "An ce mini haka wancan karon ma." Ya koma gefensa ya zauna. Babu wanda ya ƙara taɓa wannan farantin.

Idan mace ta rasu, zaman mijinta a gidan ya ƙare. Bayan arba'in danginsa sukan zo su ɗauke shi, sai in 'ya'yan sun roƙa ya zauna. Ƙanwarsa, Etek Sinar, ta zo da mutanenta. Yanzu ni ce babbar mace, filin da ɓaraguzan nawa ne da ƙannena. Na tsaya gaban kowa na ce Abak ba ya zuwa ko'ina, kuma ba za a sake ɗora bulo a kan bulo a nan ba sai da izininsa. Mamak yana zaune yana ji.

Abak yana naɗe tabarmar sallarsa, bai ɗago ba.

"Yus, shekara talatin da huɗu ina baƙo a nan. Baƙo raɓa ne."

"Abak, ka yafe mini abin da na faɗa."

"Ai ba ƙarya kika yi ba. Gidan Amak ne." Ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini katakonsa. "Riƙe wannan. Ke za su saurara."

Ya bi ƙanwarsa da jaka ɗaya.

Mun sake gini, hawa ɗaya, rabi bulo rabi katako, rufin kwano. Zobban duka daga wurinsa suka zo. A tsakar gidan Etek Sinar yake lanƙwasa su, ya ɗaure goma goma, ya aiko a bayan babur. Ni na hau tsani na auna tsakaninsu, na sa an kwance ginshiƙi biyu an sake, maginan suna zagina a ƙasa-ƙasa ina jin su. Yanzu a unguwa duk mai gini sai ya aiko a ara masa katakon, 'yan kwangilar da suka guje shi suna layi a ƙofar Etek Sinar. A shagon kofi ma an daina dariyar tsinken gora. Wannan girmamawar ita ta fi komai ƙona mini rai, don sai da muka biya da Amak aka fara ta.

Mun yi masa ɗaki, mafi kyau a gidan, tagarsa tana kallon ayaba. Shekara shida ke nan bai kwana a ciki ba. Yakan zo ranar Juma'a bayan masallaci ya ga jikokinsa. In ya iso sai ya tsaya a bakin ƙofar gidan da ƙarfensa yake riƙe da shi, ya cire takalmi, ya yi sallama, ya jira sai wata daga cikinmu ta ce masa ya shigo.